Bangon da Muka Baro a Gida

Ni ce mai tsaron raga, saboda haka in na ba ku labari ku karɓa kawai. Sauran 'yan wasa gudu suke yi suna haki, ni kuwa ina tsaye a ƙarshen fili ina kallon kowa da halinta. Shekarata ta huɗu ke nan a ƙungiyar lakros ta 'yan matan kwalejinmu, kuma ita ce ta ƙarshe. Lakros wasan ƙwallo ne da ake yi da sanda mai kwando a baki. Sunana Colette, amma da yake na yi aiki a kantin kayan gini kafin in shiga makaranta, na girmi kowa, sai suka laƙaba mini Kaka. Sunan bai taɓa damuna ba. Shi ya ba ni lasisin faɗar abin da na ga dama.

Kwalejin tamu tana can ƙuryar arewacin jihar New York, inda in ka miƙa wuya za ka hango Kanada. Dusar ƙanƙara takan rufe filinmu tun kafin Kirsimeti, ba ta sakin sa sai Afrilu. A shekarun baya a wurin ajiye motoci muke atisaye. A ture ƙanƙarar gefe, mu fito da safa bibbiyu muna karkarwa, kuma in ka jefa ƙwallo ta wuce raga, kai da ƙafarka za ka bi ta har ƙarƙashin motar wani malami. Bana sai makaranta ta yi mana abin arziki. Aka gina wa 'yan wasan ƙanƙara sabon zaure, aka bar mana tsohon, aka shimfiɗa ciyawar roba a ƙasa. Ga rufi, ga ɗumi, ga bangon katako ya kewaye filin ruf. Muka yi ta murna muna sa wa makaranta albarka, ba mu san bangon nan shagwaɓa mu zai yi ba.

A shekarar ce kuma Delia Marchetti ta zo mana daga Long Island, inda ake danƙa wa yarinya sandar lakros tun kafin ta iya ɗaure igiyar takalmi. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa tsayawa a gaban hannu irin nata ba. In ta ɗora ƙwallo a kwandon da ke bakin sandarta ta wulwula ta saki, ba ganin ta kake yi ba, ƙararta kake ji. Cinyoyina ne shaida, don duk tsawon sanyin nan ban rabu da tabo ba. Sai dai a harbi uku, biyu gefe suke bi. A cikin zaure wannan ba komai ba ne. Ƙwallon ta daki bango ta dawo, Delia ta cafe ta sake harbawa, ta ci, a yi ta tafi. Ba wadda ta damu da nawa suka kauce, tunda duk suna dawowa.

Da hannun ne kaɗai da sauƙi, sai ga baki. Wadda ta fi shan sa ita ce Noreen Pelkey, 'yar ajinmu, wadda babanta ke da garken shanun madara a wani ƙauye kusa da makaranta. Kafin ta zo atisayen safe ta riga ta taya shi tatsa. Duk ƙungiyar ba mai kamo ta a gudu, amma harbinta sanyi gare shi, ina iya cafe shi ina hamma. Wata rana a ɗakin canja kaya Delia ta toshe hanci ta ce, "Wai wa ya shigo mana da garke nan ciki?" Wasu suka yi 'yar dariyar yaƙe. Noreen ta ci gaba da ɗaure takalminta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Daga ranar ba ta ƙara yi wa Delia magana ba, sauran kuma suka sa wa Delia suna Gimbiya, ba don yabo ba.

Da hutun bazara ya zo, wanda a wurinmu suna ne kawai tunda ƙanƙara na nan har gwiwa, mai horar da mu, Koci Hanlon, ta loda mu a bas muka nufi kudu, gaɓar tekun Georgia, inda ƙungiyoyin kwalejoji suke haɗuwa su gwada juna kafin a buɗe gasa. Muna tafe muna tuɓe rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya. Muka sauka a wani gidan haya da aka ɗora a kan ginshiƙai, mu ashirin da 'yan kai, banɗaki biyu. Da muka taka ciyawa ta gaske, Roz, 'yar gabanmu da ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta durƙusa ta sumbaci ƙasa. Kafin la'asar rana ta mayar da rabinmu jajur.

Wasanmu na farko da wata kwaleji ce daga Ohio, waɗanda a ido ba su kai mu ba. Akwai doka ɗaya a lakros da ko 'yar firamare ta sani. In aka harba ƙwallo ta wuce raga ta fita daga fili, ta wadda ta fi kusa da ita ce a lokacin da ta tsallake layi, ko daga wace ƙungiya take. Shi ya sa duk ƙungiya mai hankali take ajiye mutum a bayan ragar abokan hamayya. Mun san wannan sarai, ƙafafunmu ne dai suka manta.

Ana fara wasa Delia ta samu ƙwallo, ta ratsa mutum biyu kamar ba sa nan, ta saki. Ta bi ta saman raga. Daga inda nake sai na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. 'Yan gabanmu duka sun tsaya cak, kowa ta ɗaga sanda, suna jiran ƙwallon ta dawo. Ita kuwa ta wuce abinta ta faɗa cikin ciyayin fadamar da ke bayan fili. Golar Ohio, wata ƙatuwa mai tafiyar agwagwa, ta juya ta taka zuwa layi ko sauri ba ta yi, alƙaliyar wasa ta nuna ta, ƙwallo ta zama tasu.

"Ku bi baya!" na kwarma musu ihu. "Bangon yana New York, 'yan uwa! Ba mu zo da shi ba!"

Suka ji, suka gyaɗa kai. Da aka sake harbawa suka sake tsayawa. Wata ma har ja da baya ta yi don ta tari ƙwallon da kyau in ta dawo. Kuma duk wadda muka zubar a can, a kaina take saukowa. Suka zura mini goma sha huɗu, muka rama biyar, ni da ba a saba kai ni goma ba. Na fito daga fili raina a ɓace, ko hular kwanon ban cire ba don kada a ga fuskata.

Koci Hanlon 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta ɗaga murya, abin da ya sa ake tsoron ta ke nan. Ta ce mu je mu zauna a bayan raga, daidai inda muka ƙi zuwa duk yinin. Muka zube a kan wasu 'yan tudun ƙasa masu laushi. Ba ta gama buɗe baki ba Roz ta daka tsalle tana dukan cinya, sai ga kowa ta miƙe tana rawar da ba kiɗa. Cinnaka ne, jajaye, irin na kudu, waɗanda cizonsu yake tashi ya ɗuri ruwa. Ashe duk tsawon layin bayan nan gidajensu ne. A tsaye aka yi taron, kowa na susa.

"Harbi nawa ya bi gefe yau?" in ji Koci. Muka dubi juna. "To ni ma ban ƙirga ba. Abin da na sani, ko ɗaya ba mu samu ba. Delia ce ta fi kowa harbi, ita ta fi kowa zubarwa. Ba na son ta daina, hannun nan shi ne arzikinmu. Abin da nake nema shi ne mai tsaya mata a baya. Wa za ta yi?"

Da Delia ta ja bakinta ta yi shiru, na tabbata da an samu mai ɗaga hannu, ko don kunyar Koci. Amma ina.

"Ni ban ga abin tambaya a nan ba, Koci," ta ce tana susar idon sawu. "A sakandarenmu akwai masu wannan aikin, ba sai an roƙe su ba. Ga Noreen nan, gudu kaɗai ta iya. Ai shi ke nan, an samo mata sana'a."

Noreen ta ƙura wa fadama ido kamar ba da ita ake ba, amma na ga yadda ta damƙe sandarta.

"To madalla," in ji Koci. "Ni ba zan tilasta wa kowa ta yi wa wata gudu ba. Ba zan kuma sa mai zubar mana da ƙwallo a fili ba. Delia, atisaye za ki yi da mu, wasa kuwa a benci za ki kalla, har sai wata ta zo da bakinta ta ce ta ɗauki bayanki, na kuma ga ƙafarta za ta iya. In muka hau bas ɗin komawa ba a samu ba, bencin ne naki har gasar bana ta ƙare."

Delia ta yi dariya, ta ɗauka barazana ce. Mu da muka san Koci ba mu yi ba.

Ni fa ba son Delia nake ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Amma ranar Asabar ɗin farko bayan mun koma gida, da wata kwaleji maƙwabciyarmu za mu buɗe gasa, waɗanda tun shigata makaranta suke cin mu suna yi mana gwalo. Na san iya abin da zan tare, na kuma san ba mai zura musu abin da zai ishe mu sai wannan marar kunyar. Na ƙudura a raina ba zan bar makaranta ban ga hawayensu ba.

Da yamma girki ya faɗo kanmu ni da Noreen. Muna zaune a baranda muna ɓare jatan lande, na gyara murya.

"'Yar uwa, ki tsaya wa Delia a baya, don ni."

"Don ke zan shiga wuta, Kaka. Don ita ko inuwa ba zan shiga ba."

"Ba ita za ki yi wa ba, ƙungiya za ki yi wa."

"Tun shigowarmu nake yi wa ƙungiya gudu, wa ya taɓa ce mini sannu? Bana ne Koci ta matso da ni gaba, na fara ganin raga da idona. Yanzu kuma in koma baya in riƙa kwasar kashin Gimbiya? Miƙo mini kwanon nan."

Na miƙa mata. Noreen ba ta da yawan magana, amma in ta ce a'a, gara ka je ka roƙi dutse.

Delia kuwa a ƙarƙashin gida na same ta. Ta samo wani ginshiƙi mai faɗi tana buga masa ƙwallo yana dawo mata da ita.

"Kaka, wai da gaske Koci take?"

"Kin taɓa ganin ta yi wasa?"

Ta cafe ƙwallon ta riƙe. A karo na farko na ga tsoro a idonta, sai ta koma mini yarinyar da take, 'yar shekara goma sha tara da ta baro gidansu da nisa.

"Ni fa ban iya komai ba sai wannan," ta ce. "In ba na fili, ban san me nake yi a garin nan naku mai ƙanƙara ba. To in je in ba Noreen haƙuri?"

"Je ki mana, in kina son ta watsa miki ruwan jatan lande. Bakin nan naki ba mai ƙara sayen kayansa. Ki nemi wata hanyar."

"Wace?"

"Ke kika zo daga garin masana. Ni me na sani?"

Washegari na kafa tawa dokar a atisaye, Koci ta yi kamar ba ta ji ba. Na ce duk ƙwallon da ta bi gefe ni ma zan bi ta, da hular kwanona da sulken ƙirjina da komai. In na riga 'yan gaba zuwa layi, wadda ta fi kusa ta ƙi motsi ita ke wanke tukwanen ranar. Suka yi mini dariya, wai Kaka za ta yi tsere. Kafin a tashi na tara masu wanke-wanke har sun yi wa tukwanen yawa, Delia na cikinsu. A ranar ta fara sanin cewa taliya ma tana ƙanzo.

A atisaye na gaba Noreen ta harba wata ta kauce. Na juya na zuba da gudu, na riga na sa a raina tawa ce, sai na ji iska ta wuce ni. Delia ce. Ta miƙa sanda ta yi sufa ta faɗi ruf da ciki a kan layi, daidai kan gidan cinnaka. Ta tashi tana kakkaɓe wuya da hannuwa, hawaye na zuba don zafi, ta ɗauko ƙwallon ta jefa wa Noreen. Noreen ta cafe, ta koma wurinta.

Na ɗauka na rana ɗaya ne, ashe hanyar ta samu. Daga nan duk wadda ta harba, ko 'yar ajin farko ce da ba ta san inda raga take ba, Delia na bayanta. Hannuwanta suka cika da ƙuraje, gwiwoyinta duk suka ƙuje. Sai abin ya zama gasa, don ba wadda take son a ce Gimbiya ta fi ta zuciya. Aka fara kiran "Baya!" kafin a harba, sai an ji an amsa "Ina nan!" sannan a saki. Ni da nake tara masu wanke-wanke na wayi gari ba ni da ko ɗaya, dole aka koma wanke tukwane bi da bi. Da yamma mu baje a baranda muna shafa wa juna man goge baki a kan cizo, muna cin dafaffiyar gyaɗar bakin hanya, wadda ranar da muka zo muka ce ko kare ba zai ci ba. Har Delia aka fara matsa wa wuri ta zauna.

Roz ce ta fara karaya. Ta je ta ce wa Koci ta ɗauki bayan Delia. Koci ta ce a gwada: Delia ta harba, Roz ta bi, ni ma in bi. Roz ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Kaka, don Allah ki ɗan taka a hankali."

"Golar ranar Asabar za ta taka miki a hankali?"

Na riga ta kusan kowane karo. Harbin Delia in ya kauce nisa yake yi, kuma ba ya gaya maka ta inda zai bi. Sai mai ƙafar da za ta taso daga wannan gefe ta kai wancan kafin ƙiftawar ido, kuma kowa ya san mutum ɗaya ce mai irin ta. Koci ta girgiza kai. Roz ta yini ba ta yi mini magana ba, ko a jikina.

Na sake taɓa Noreen, ta ce, "Wasan kwaikwayo ne, Kaka. Ranar da aka mayar da ita fili za ki ga ta koma gidan jiya."

Wasa na biyu ba Delia muka yi shi, da wata ƙungiya daga Pennsylvania. Ko ƙwallo ɗaya ba mu bar musu a layin baya ba. Ta yini a hannunmu, duk da raga ta so ta gagare mu, muka ci su shida da biyar. Murna ta ɓarke, wasu har suka fara cewa ashe ana iyawa ba ita. Delia na jin su tana tattara robobin ruwa. Ni dai na san shida ba za ta kai mu ko'ina ba ranar Asabar.

Ranar ƙarshe, kayanmu na ɗaure a cikin bas, muka kara da wata kwaleji daga Maryland, irin waɗanda ko ɗumama jiki suke yi sai gabanka ya faɗi. Namu bai faɗi ba, don ba mu ne 'yan matan da suka sauka daga bas ɗin nan ba. Ni na yi abin da aka san ni da shi. Na tare da sanda, na tare da cinya, ɗaya ma da hular kwano. Noreen kuwa ranarta ce, ta zura biyu kafin a je hutun rabin lokaci. Tunda take ba ta taɓa cin uku a wasa ɗaya ba, kuma duk mun san tana so, don ta taɓa cewa ranar da ta ci uku za ta kai wa babanta ƙwallon ya ajiye a kan firji. Delia na bakin fili tana ihun "Baya!" har muryarta ta dushe. Da Noreen ta ci ta biyu, sai ga Gimbiya a kan benci tana tsalle tana kaɗa tawul. Na ga Noreen ta waiga ta dube ta, ta ɗauke kai.

Duk da haka aka shiga zangon ƙarshe suna da tara muna da shida. Koci ta nemi a tsaya, muka kewaye ta muna haki, Delia na zagayawa da ruwa. Koci ta fara zana wani abu a tafin hannunta, sai Noreen ta katse ta.

"Koci, ki sako ta."

"Wa?"

"Kin san wa."

"Faɗa da bakinki, Noreen."

Noreen ta kurɓi ruwa ta furzar. "Na ɗauki bayan Delia."

"Kin san in kin koma baya kin bar gaban raga ke nan? Biyu gare ki fa."

"Na iya ƙirga, Koci." Ta juya wajen Delia. "Ke Gimbiya, ajiye robobin nan ki ɗauko sandarki. Kin tsaya kina kallo na kamar saniyar da aka canja wa turke."

Abin da ya biyo baya daga nesa na kalle shi, kuma ban taɓa jin daɗin tsayuwa ba aikin yi kamar ranar ba. Delia ta karɓi ƙwallo, ta kira da dusasshiyar muryarta, aka amsa daga bayan raga, ta saki. Ta bi gefe. Golar Maryland ta juya da gudu, ta tarar Noreen na tsaye a layi tana jiran ta. Aka dawo da ƙwallo, Delia ta sake saki, ta bi sama, Noreen ta sake riga kowa. Na uku kuwa ragar ce ta amsa, sai da ta girgiza. Ba a jima ba 'yan Maryland suka taru su uku a kan Delia, ita da ba ta taɓa sanin akwai wata a fili ba ta ɗaga kai ta jefa wa Roz, Roz ta zura. Ina can ni kaɗai a ragata ina dukan ƙarfe da sanda ina ihu kamar mahaukaciya.

Saura ɗaya mu kamo su, lokaci ya kusa ƙarewa. Na tare wani harbi na wurga wa 'yan tsakiya, suka kai wa Delia. Ga ta ga gola, ba kowa a tsakani. Irin wannan ko daga barci ta tashi tana ci. Sai na ga ta ɗan yi jim, sannan ta saki. Ƙwallon ta bi ta hagu da tazarar da ta kai kamu guda. Noreen ta taso daga ɗaya gefen, ta yi sufa, ta riga gola, alƙaliya ta nuna ta. Kafin ta miƙe aka busa tashi. Tara da takwas.

Muka jera muka gaisa da 'yan Maryland, golarsu ma har cewa ta yi ba ta taɓa gudu irin na yau ba. Da na ƙarasa bakin fili na tarar Delia tsaye a gaban Koci, ta cire gilashin kare ido, sandarta na ƙasa.

"Koci, ni na zubar," take cewa. "Noreen ta ba ni dama na zubar. Ba sai kin faɗa ba, na san wurina."

"Maganar ba a hannuna take ba," in ji Koci, ta nuna da haɓa.

Noreen ce ke tahowa tana ɗingishi, ciyawa a gashinta, gwiwa na jini. Ni kaina ban san me za ta ce ba, don Noreen ta ɗauki bayan Delia na zango ɗaya ne, ba wadda ta ji ta yi alkawarin gaba. Ta zo ta tsaya ta ƙare wa Delia kallo.

"Ke," ta ce. "Ranar Asabar, in za ki kauce ki riƙa kaucewa ta dama. Wannan gwiwar ba ta son juyawa hagu."

Delia ta ɗago. "Ranar Asabar?"

"Kurma ce ke? Kuma na ga abin da kika yi a na ƙarshen nan. Sai da kika leƙa inda nake, kika rage ƙarfi. Kar ki ƙara. Ban ce ki ji tausayina ba. Ki harba abinki, ina baya."

An ci mu, amma ban taɓa fita daga fili da ƙarfin zuciya irin na ranar ba, har na ji ina tausayin maƙwabtanmu. Delia ta ja wuyan rigarta ta rufe fuska ta fashe da kuka. Noreen ta tsaya tana kallon sama har ta gaji. Sannan ta ɗora hannu a kafaɗarta, wai ƙafarta ce ke ciwo, suka nufi bas a haka.